Buhun Ƙwallaye

"Ni ba ɗalibinka ba ne," in ji gwarzon ƙungiyarmu, ya shure buhun ƙwallayen.

Sabon kocin bai ɗaga murya ba. Daga jami'a aka ɗauko shi, inda yake horar da ɗalibai, kuma da dokarsa ya zo: wanda ya makara atisaye, shi zai tattara ƙwallaye. Ɗalibai suna yi da dariya. Waɗannan kuwa ƙwallo ce sana'arsu, jaridu suna buga hotunansu.

Ni mai gadin filin ne a unguwar Azizya ta Madina. Na ja kocin gefe.

"Malam, nan ba makaranta ba ce. Juma'a ce wasan hawa rukuni. In ka ajiye shi, kai za a kora."

"Na sani, Baba."

"To?"

"To ya ɗauki buhun."

Bai ɗauka ba. Ranar Juma'a ya zauna a benci, 'yan kallo suna ta kiran sunansa. Kocin ko waiwayawa bai yi ba. Aka ci mu ɗaya da nema. Kafin Asabar ta ƙare an sallami kocin.

Washegari ya zo kwashe kayansa. Ina buɗe masa ƙofa muka hango mutum shi kaɗai a tsakiyar fili, cikin zafin Madina, yana sunkuyawa yana cika buhu.

"Khalas, shi ke nan, ya ustaz," in ji gwarzon namu, kansa a ƙasa.

Na karɓi jakar kocin, na raka shi har titi. Ban saba yi wa kowa haka ba.

Mai buhun ɗana ne. Ko buta bai taɓa miƙo mini ba.