Inda Man Motar Yake Tafiya

Allurar mai ta sake komawa ƙasa. Maman Biyu ta ƙura mata ido, ta ja tsaki. Shekaranjiya da hannunta ta cika tankin nan, yau ga shi kamar an zuƙe da bututu.

Mota ɗaya ce a gidan. Da rana ƙaninta Dogo yake kai maigidanta ofis ya jira shi, da yamma ita kuma ta karɓa ta kai wa mutane ɗinkinsu. Ita ce ta yi ta roƙon maigidan har ya ɗauki Dogo tuƙi, bayan an sallame shi daga wurin aiki biyu. Ranar ta dafa ƙirji ta ce in ya yi ba daidai ba, a kama ta.

Maigidan kuwa mutum ne mai doka a kan esi, na'urar sanyaya motar, har yara na kwaikwayonsa in ya ba da baya. Mota ta sha rana? A sauke gilasai tukuna, zafi ya fita, sannan a kunna. In ciki ya yi sanyi, a danna maɓallin da ke juya iskar ciki, a rage fanka. A cikin unguwa iskar Allah ta isa. Sai an hau babban titi ake rufe gilasai. Babban zunubi a wurinsa shi ne a tsayar da mota inji na aiki, wai ana shan sanyi.

To ga esin nan a ƙure, fanka na huci tun kafin ta saki makulli. Ta duba lambar kilomita, da kyar ta motsa. Ke nan ba yawo ake yi ba, a tsaye ake ƙona man. Kujerar gefen direba a kwance take har baya, an karkato duk kafofin iska sun fuskance ta. A aljihun ƙofa ga bawon lemon tsami da ƙullin baƙar leda.

Ranta ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ta. Wato bawan Allah yana can yana fama da aiki, har ya rame, abinci ma sai ya tsakura ya ture kwano, Dogo kuma yana nan ya mai da motar ɗakin hutu.

Da ta gwada taɓo zancen, maigidan bai ko ɗago kai ba. Yana gyara maɓallin rigarsa mai dogon hannu, a wannan zafin, ya ce, “Mota ce ta tsufa, ki bar yaron nan.” Mutumin da kan yi wa'azi a kan rabin lita! Wannan kawaici ya fi zagi yi mata ciwo. Ta san don ita yake haɗiyewa.

Ta ritsa Dogo yana wanke taya.

“Kai, wa kake kwantarwa a motar nan?”

“Yaya, wallahi ba abin da kike zato ba ne.”

“To mene ne?”

Ya ci gaba da dirzar tayar da ta riga ta fita fes. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Ƙawarta mai sayar da labule ce ta ƙarasa ta. Ta ce ai tana yawan ganin motar da rana a wani lungu, bayan wata doguwar katanga, ƙarƙashin bishiya, gilasai a rufe ruf, inji na ta gurnani. Ba kullum ba, amma duk mako sai ta gani. “Ni dai ban ce komai ba,” in ji ta, bayan ta gama faɗin komai.

Maman Biyu ta yanke shawara. Za ta kama shi da idonta, ta karɓe makullin, ta sallame shi da kanta kafin ya gama zubar mata da mutunci a gidan aurenta. Ciki ɗaya ko ba ciki ɗaya ba, abin ya isa haka.

Ranar da ƙawar ta kira ta ta ce ga motar can a lungun, ta bar keken ɗinki da zare a bakin allura, ta tari tasi. Tun daga bakin lungun ta hango motar. Ruwan esi ya ɗiga har ya yi ɗan tafki a ƙarƙashinta, alamar an daɗe a wurin.

Sai dai Dogo ba ya ciki. Yana tsaye a waje, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana kore wasu masu babur da hannu kada su yi hon. Lallai ma yaron nan! Ko wace ce a ciki, har gadinta yake yi, da man mijin yayarsa.

Yana ganinta ya yi wuf ya tare ƙofar.

“Yaya, don girman Allah ki koma gida.”

“Matsa, ko in tara maka jama'a!”

Ta ture shi, ta fizgi ƙofar. Sanyi ya daki fuskarta. A kan kujerar da aka kwantar, maigidanta ne, ido a rufe, leɓe a bushe, an naɗe hannun rigarsa, ga auduga da filasta manne a damtsensa.

Dogo ya yi magana daga bayanta. “Shi ya rantsar da ni, Yaya. Katangar nan bayan asibiti ce. In an gama yi masa wankin ƙoda ba ya iya ko tsayuwa, sai ya kwanta a sanyi har ƙarfinsa ya dawo, don ya shigo miki gida da ƙafarsa.”