Bishiyar da Ba Ta Haihuwa

Kai da kake cewa wanda ba ya tsinana maka komai ba shi da amfanin zama kusa da kai, tsaya ka ji wannan. Wani manomi daga arewa neman abinci ya kai shi kurmi, ya samu gona a bakin daji ya zauna, ba mata ba ɗa, harshen mutanen garin ma sai tsinta-tsinta. A gonar akwai manyan bishiyoyi biyu iri ɗaya. Ɗaya kowace shekara sai ta zubar da 'ya'ya tuli, waɗanda ake daka ƙwayarsu a miya don ƙamshi, a kuma matse mai a cikinta. Idan sun zubo, matan garin kan zo su tara su, su bari ɓawon ya ruɓe, su wanke, su dafa, su zauna a ƙofar bukkarsa suna fasawa suna hira. Ba ya gane rabin abin da suke faɗa, amma yana dariya in sun yi dariya, kuma a duk shekara wannan ne kaɗai lokacin da yake jin shi ma mutum ne cikin mutane. Ɗayar bishiyar kuwa sai fure, ba ta taɓa yin ɗa ko guda ba, ga inuwarta ta hana masararsa girma. Mutumin naka bai tambayi kowa ba, ya wasa gatari ya kwantar da ita, har yana yaba wa kansa dabara.

Shekara ta zagayo, wadda ya bari ta yi fure kamar kullum, furen ya kakkaɓe, babu ɗa. Ya share ƙofar bukka ya jera kujeru, shiru. Wata tsohuwa ce kaɗai ta leƙo da kwandonta, ta dubi kututturen ta daɗe, sannan ta ce masa da 'yar Hausarta, "Baƙo, ai mijinta ka sare." Ashe irin bishiyar kamar dabino take, macen ba ta haihuwa sai da namiji a kusa. Matan suka koma wata gona can ƙetaren rafi. Masara kam ta yi kyau a shekarar, ya gasa ya ci shi kaɗai, yana jiyo dariyarsu daga nesa, kaɗaici na cin ransa. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.