Wanda Ya Yi Tsallen Gaggafa

Na ji ka ɗazu kana jera 'yan wasan nan, wannan na ɗaya, wancan na kashin baya, har kana rantsuwa. Matso in ba ka wani misali.

An yi wani mai aski a bakin kasuwa wanda in dai zancen fim ne, bakinsa ya fi askarsa kaifi. A lokacin akwai wani fim mai dogon zango da ya tashe, na wani jarumi da ake kira Gaggafa, mai baƙar alkyabba da abin rufe fuska, wanda harsashi ba ya huda shi. 'Yan wasa uku ne suka yafa alkyabbar nan bi da bi, kuma mai askin ya daɗe da yanke musu hukunci. Na farko, in ji shi, murya ce kawai. Na uku sai kyan tsayi. Na biyu kuwa shi ne namijin duniya, hujjarsa kuma ita ce tsallen da ya yi daga ƙololuwar dutse zuwa cikin wani baƙin tafki. Ba ranar da ba ya kunna wurin nan a talabijin ɗin shagonsa. Sai ya bar kan mutum rabi da aski, ya mayar da hoton baya, ya sake mayarwa, yana tafi yana kirari. Abokan gardamarsa suka ce dabara ce ta masu haɗa hoto, domin da jikin ya taɓa ruwa sai a yanke, sai kawai a ga jarumi a tudu. Shi kuwa ya dage cewa 'yan kasuwa ne suka datse fim ɗin, ainihin na darakta wanda ba a taɓa ba yana nan, kuma ranar da ya samo shi bakin kowa zai mutu.

Da cigiya da tambaya har ya gano mutumin da ya tace fim ɗin, wanda ya bar sana'ar ya koma noman albasa a wani gari. Sau biyu mutumin yana korar mai askin. A zuwa na uku mutumin ya dube shi ya ce, "Malam, ba don tsawo aka yanke wurin nan ba." Mai aski ya ce shi dai ya gani. Da rana tsaka aka shigar da shi ɗaki, aka tura taga, aka buɗe wata tsohuwar kwamfuta. Babu kiɗa a wannan, sai kukan iska da muryoyin ma'aikata. Ya ga gwarzon nasa zaune a ƙarƙashin laima yana shan zoɓo, ko takalmi bai cire ba. Can saman dutse kuma ana yafa wa wani mutum dabam alkyabba. Kafin a rufe masa fuska mutumin ya juyo ya kalli kyamara, ya yi ɗan murmushin mai jin kunya. Nan take mai aski ya gane shi. Ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai buga rufin kwano, wanda shekara shida da suka wuce aka kawo gawarsa gida aka ce ya je wanka ruwa ya ci shi.

Mai aski bai ɗauke ido daga kan kwamfutar ba. Ya ga tsallen da ya haddace, amma wannan karon hoton bai yanke ba. Ruwan ya buɗe ya rufe. Aka ji tafi, aka ji darakta yana cewa ya yi kyau. Kumfa ta taso ta baje, tafkin ya kwanta lumui kamar ba a taɓa shi ba, kyamara kuma ta ci gaba da kallonsa. Tafin ya riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. Daga can wani ya tambaya, a hankali, ko akwai wanda ya san sunan mutumin. Ba wanda ya sani. Mai noman albasa ya rufe kwamfutar, ya ce alkyabbar ce ta sarƙe a ƙasan ruwa, kuma sai da masu fim ɗin suka tuɓe wa gawar ita kafin su kira mutanen gari.

Mai aski bai biya ta shago ba, gidan mahaifiyarsa ya zarce. Ya tarar da ita tana tsince shinkafa, ya durƙusa ya fara kame-kamen yadda zai faɗa mata. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Tun ranar da ka kawo fim ɗin nan ka kunna mini na sani. Ko a buhu aka sa ɗana, na san tsayuwarsa." Ya ce, "Inna, me ya hana ki gaya mini?" Ta ce, "Tafi kake yi. Na rasa ɗaya, ban ga dalilin da zan kashe ɗayan da bakina ba." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, shi kuma yana durƙushe har inuwa ta bar tsakar gidan.

To kai ma, kafin ka ɗora wani a sama ka tura wani ƙasa, tambayi kanka ko ka san wanda ke cikin rigar. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.