Abin da Ke Ƙarƙashin Gado

Tsohuwa mai magani ta shafe jikin saurayin da ɗanyen ƙwai, daga goshi har tafin ƙafa, ta fasa ƙwan cikin kofin ruwa ta ɗaga wa hasken taga.

Ta dubi uwarsa. "Kin ga zare-zaren nan, 'yar nan? Hassada ce."

"Maƙwabcin nan ne," in ji kawunsa. "Tun rikicin iyakar gona nake faɗa, kuka ce giya ce ke magana."

"Yau ma ita ce," in ji tsohuwar.

Aka yi dariya. Tun da ciwon ganye ya cinye gonar gahawarsu a tsaunukan Chiapas na ƙasar Meziko saurayin ya daina ci, ya daina magana, duk gidan kuwa tambaya ɗaya suke nanatawa: wa ya yi masa? An tambayi ƙwai, an kunna wa waliyyai kyandir an tambaye su, an tambayi limamin coci. Shi da ke kwance a gabansu, babu wanda ya tambaye shi.

Uwar ta durƙusa za ta tura kofin ƙarƙashin gadonsa, kamar yadda aka saba, don ya zuƙe cutar. Hannunta ya ci karo da kwalba. Maganin feshin gona ne, murfinsa a sassauce.

Ta kori kowa waje, ta zauna a bakin gadon.

"Ɗana, me kake ji?"

Ya kalli rufin kwano.

"Ki nemo mota, Mama. Tun da safe na kurɓa."