Babur Ɗin Tsoho Ncube

Mehluli ya sake buga kik, babur ya yi tari ya yi shiru. Ya zare filogi ya kanga a jikin inji ya kuma bugawa. Ko ƙyas, babu wuta.

"Shegen ƙarfe!" ya ce, ya yi jifa da sifana.

Shekara guda ke nan da rasuwar mahaifinsu, tsoho Ncube. Jiya dangi suka cika gidan da ke unguwar Makokoba, aka yi bikin dawo da kurwarsa gida, yau kuma ana rabon kayansa. Kwat da sanda da rediyo duk sun sami masu su. Saura tsohon babur ɗin Ingilan nan baƙi, wanda tsoho bai taɓa yarda ɗansa ko ɗaya ya taɓa ba. Baffa Dumiso ya yanke hukunci: Mehluli ne babba, amma in rana ta faɗi bai tayar da shi ba, ƙanensa Zenzo zai ɗauka. Shi kuwa Zenzo tuni ya yi magana da masu sayen ƙarfe.

Ran Mehluli ya gama ɓaci. Shi da yake gyara motocin haya a Bulawayo, a ce babur ya kunyata shi a gaban surukai? Ya sa sabon batir, bai manta ba ya kai jar waya jikin ƙarfe yadda tsofaffin babura irinsa suke so. Ya zuba sabon mai, ya goge kwantak, ya canza koyil, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har suka shige ƙarƙashin sirdi. Lafiyarsu ƙalau, amma wuta ta ƙi zuwa.

"Yaya, a kawo baro ne?" in ji Zenzo, yana kurɓar giya.

"Kai ka taɓa shi, munafuki! Ka yanke wani abu!"

"Ni? Ko fitilar gida ban iya canzawa ba."

Sai da aka riƙe Mehluli. Ya juya wajen mahaifiyarsu, wadda ke zaune a tabarma bakin ƙofa.

"Mama, Baba bai taɓa faɗa miki wani abu a kan babur ɗin nan ba?"

Tsohuwa ta tofar da yawu gefe. "A kai shi bola," ta ce.

Rana ta yi ƙasa, Zenzo har ya fara kiran waya. Sai ga MaNyoni, matar Mehluli, da kofin shayi. Ita ce surukar da unguwa ke misali da ita: tsawon zamanta a gidan ba ta taɓa ambaton sunan tsoho ba, in ya shigo ɗaki fita take yi, ranar jana'iza kuwa sai da aka ɗauke ta don kuka. Ta rusuna ta miƙa shayin, ta kama ƙarƙashin sirdin baya ta miƙe.

"Baban yara, ka ƙara gwadawa."

"Ke tafi can! Me kika sani?"

Amma don haushi ya taka kik da dukkan ƙarfinsa. Babur ya ɗauka da ruri, kaji suka watse, hayaƙi ya cika tsakar gida. Mehluli ya yi ta murɗa totur yana ihu.

"Zenzo! Ina baron naka? Ka ga aikin maza!"

Tsohuwa ce kaɗai ba ta tafa ba. Ta taso a hankali, ta zura hannu ƙarƙashin sirdin baya, ta danna wani abu. Inji ya mutu nan take.

"Wannan maɓallin don ɓarayi babanku ya sa shi, kuma ba ya nuna wa kowa sai macen da yake goyawa," ta ce, idonta a kan MaNyoni. "Na yi shekaru ina neman wadda ta karɓe min wurin nan. Ashe a gidana take, tana durƙusa min."