Gwiwar da Ta Ƙi Motsi

"Ɗago kai ka bi yatsana da ido," in ji likita.

Saurayin ya ƙara sunkuyar da kai. Gwajin lafiya ya zo yi saboda aikin tuƙin da ya samu, amma tun shigowarsa yake haɗa gumi.

"To, fito da harshenka."

Ya rufe baki gam.

Likita ya ɗauko 'yar gudumar roba ya ƙwanƙwasa masa gwiwa. Maimakon ƙafar ta zabura, sai ta sandare. Gaban likita ya faɗi. Ido, harshe, ƙafa, duk a yaro ɗanye shakaf?

"Ɗana, jijiyoyinka da matsala. Maganar tuƙi ka manta da ita."

Saurayin ya zamo daga gado ya durƙusa.

"Wallahi lafiyata ƙalau, Baba. Ni ne mai zuwa wajen autarka. Yaya zan tsura maka ido, in yi maka gwalo, sannan in kai maka shuri?"

Likita ya gyara riƙon gudumar.

"Matso. Ai ban duba kan ba tukuna."