Kofin da Ba a Wankewa

Mai Tumatir ya sake tsoma na'urar auna tsamin ruwa cikin kofin da ya ɗebo ruwan tankin lambunsa da shi. Da safe ta nuna huɗu, wato tsami ya yi yawa, yanzu tara, wato babu tsami ko kaɗan, ga shukarsa tana yaushi. Gogan naka ya zagi mai shagon da ya sayar masa da na'urar, ya sauya batir, har ya daina gaisawa da maƙwabcinsa, wai shi yake zuba masa ruwan wanki a tanki.

Matarsa ta leƙo. "Maigida, wannan ba kofinka ba ne da ka hana a wanke?"

"Shi ne. Wanki yana kashe ɗanɗano."

"Da safe shayi da lemon tsami, da yamma maganin ƙwannafi. Ai cikinka kake aunawa, ba ruwan lambu ba."

Ya laluba hularsa. "Maƙwabcin nan yana gida kuwa?"